Inji Ke Fara Sha

Yayana bakanike ne. In ka shigo garejinmu ka tambayi sunansa na yanka, har maigadi sai ya tsaya yana sosa ƙeya, don Zai-Kai kowa ya sani. Ka kawo mota tiyo ya tsage, zai yanko robar tsohon tib na taya ya naɗe wurin, ya ɗaure da waya, ya rufe bonet. Ka ce masa, "Malam, wannan zai riƙe kuwa?" Ya ce, "Zai kai." Tankin mai na yoyo, ya murza sabulu ya liƙe, zai kai. Fis ɗin wutar mota ya ƙone, ya cusa takardar kwalin taba mai ƙyalli, zai kai. Ina ne zai kai ɗin, wannan kuma bai taɓa faɗa wa kowa ba. Abin haushin shi ne sau tari yakan kai, shi ya sa mutumin ya yi furfura bai koyi tsoro ba.

Ni ƙanensa ne. Aikin wayar mota nake yi a rumfa ɗaya da shi, ana ce mini Rewaya. Ba zan yi masa kwalliya don ya mutu ba, yadda yake haka zan faɗa.

Mahaifinmu ya rasu ina ƙarami, Autarmu tana goye. Yaya ya ajiye makaranta ya shiga ƙarƙashin mota, da baƙin mai a farce ya ciyar da mu har muka zama mutane. Wannan gaskiya ce, ba mai ƙwace masa ita. Amma hannunsa ya riga bakinsa iya magana. Akwai wani tsohon fambel, bel ɗin robar nan na fankar inji, da ya rataye a ƙusa bayan ƙofar ɗakinmu, da shi ya raine ni. Ya dake ni don na makara, ya dake ni don na yi sammako na tashe shi. Na yi gemu, na yi aure, na haihu, bai fasa ba, sai dai ya bar fambel ya koma duk abin da ke hannunsa a lokacin. Tabon nan na girata sifana ce. Wani mai mota ya taɓa ce masa ɓarawon kayan gyara a gaban mutane. Yaya ya ɗauki guduma ya zagaye motar yana fasa fitilu ɗaya bayan ɗaya, ya gama da gilashin gaba, sannan ya hau bonet ya zauna yana jiran 'yan sanda. Matarsa da Auta kaɗai bai taɓa ɗaga wa hannu ba. In sun ɓata masa rai yakan tsare su da ido, ya fita ya huce a kan ƙyauren ƙofa, ko a kaina in na yi rashin sa'ar wucewa.

Yana da wata tsohuwar a-kori-kura da yake kira Gwoggo. Ƙofar direba da igiya ake ɗaure ta, ƙasan kujera kana hango titi yana gudu, amma kada ka kuskura ka jingina da ita ba izini. Kowace safiya, kafin ya kurɓi ko shayi, sai ya buɗe lagiretonta, tankin da ke sanyaya inji, ya cika shi da ruwa har baki. Dokarsa ke nan a garejin, kuma ta hau kan kowa: inji ke fara sha. Yakan ce mutum in ya ji ƙishi yana da bakin faɗa, inji ba shi da shi. Na taɓa shigowa daga rana na kafa kai a jarka kafin in zuba wa wata mota da ke jira, ya buga gindin jarkar da tafin hannu, bakinta ya fasa mini leɓe.

Ruwan famfo zalla yake ba Gwoggo. Koren ruwan nan na kanti da ake sayarwa a galan don sanyaya inji, ba abin da ya raina a duniya kamarsa. Lemon 'yan gayu yake ce masa. Duk wanda ya shigo da shi sai ya sha ba'a har ya yi da-na-sanin zuwa. Mun kuma san sharrin abin. Wani mai sabuwar mota ya taɓa zubar da shi a ƙasan rumfarmu, karen maigadi ya zo ya lashe tas, don yana da zaƙi. Ya yini yana tangaɗi kamar mashayi, muna ta dariya, washegari aka tarar da shi a sanƙare bayan tulin tayoyi. Yaya da kansa ya ja shi da ƙafa zuwa bola.

Mutum ɗaya ne ke tsokanarsa ya kwana lafiya, mijin Auta. Mai walda ne, shagonsa na can wata unguwa, ƙato mai tumbi, shi ya sa ake ce masa Tulu. Dariya ba ta yi masa wuya. Yakan zo ya tsaya a kan Yaya yana ƙarƙashin mota ya ce, "Yaya, ranar da ka mutu ba sai an wahala ba, robar tib za mu naɗe ka da ita, mu ce zai kai." Yaya ya jefe shi da tsumma, yana ɓoye murmushi. Da ni na faɗi haka, da sai an kwashe ni.

Wata rana wani dillalin tsohon ƙarfe ya shigo garejin. Ya sayi mushen wata katafila da masu aikin hanya suka yasar can cikin daji, inda aka fara titi aka fasa shekaru da dama, yana son a kwance injinta a kawo masa. Ya zagaya kanikawa sun ƙi, sun ce wurin ba mutane, ba rijiya, ba komai. Jin an ƙi ɗin nan shi ya sa Yaya ya karɓa. Kwatancen hanya kuwa da baki aka yi shi a tsaye: in ka wuce tsohon kamfanin fasa dutse ka bi hagu, ka yi ta tafiya har ka ga busasshen rafi, ka tsallaka, za ka hango ta rawaya. Dillalin da kansa bai taɓa zuwa ba, shi ma gaya masa aka yi. Yaya ya ce da ni za a je saboda wayoyi, da Tulu saboda yankan ƙarfe.

Da safen tafiya na gangaro da duro na cika shi da ruwa, na sa aka taya ni ɗorawa. Yaya ya fito ya gani, ya hau bayan motar ya sa ƙafa ya ture shi ƙasa, ruwan ya malale a tsakar gareji. Ya ce tukwanen gas na Tulu da sarƙar ɗaga inji su za su zauna a nan. Safayar taya ma ya sauke ta, wai nauyi. Jarka biyu ya yarda aka ɗauka. Na haɗiye fushina na buɗe bonet, sai ga tiyon ƙasa ya kumbura, da tsaga a gefensa.

Na ce, "Yaya, ba a fafe gora ranar tafiya, amma ko yau ɗin ne mu sayi tiyo. Ga kanti can a buɗe."

Ya yanko roba ya naɗe, ya ja waya da filaya. "Zai kai."

"To a gaya wa wani hanyar da za mu bi."

"Ka bar wasiyya ma in kana so. Shiga mota."

Auta ta zo da kwanon abinci ta miƙa wa mijinta ta taga. Ta leƙo ta ce, "Yaya, amana ce fa. Ku dawo mini da shi da tumbinsa." Tulu ya shafa cikin ya ce ba inda za shi. Yaya ya ce gobe war haka muna gida.

Kwalta ta ƙare, muka wuce kamfanin fasa dutsen, sabis ɗin waya ya ɗauke. Muka bi hagu. Abin da dillali bai sani ba, hagun ba ɗaya ba ce. Hanyar ta yi ta rabuwa, kowace ta shafe rabi, ba sawun taya ko na dabba. Ƙasa ce ja mai tsakuwa, da gajerun itatuwan ƙaya da ba su da inuwar da akuya za ta fake. Da Yaya ya gaji da zaɓe sai ya bar hanyar gaba ɗaya ya miƙe ta fili, wai yanke ne, ya san inda rafin yake. Bai taɓa taka wurin ba a rayuwarsa.

Rana na tsaka tiyon ya fashe. Tururi ya turnuƙe gilashi. Yaya ya sauka ya sake naɗe shi, ya jira ya huce, ya ɗauko jarka ya juye wa Gwoggo fiye da rabi. Muka yi 'yar tafiya, ya sake fashewa. Ya sake naɗewa, ya sake zubawa. Na ce mu juya tun sawun tayarmu yana nan. Ban rufe baki ba na ji mari, kunnena ya ɗauki ƙara. Tulu ya shiga tsakani yana cewa, "Haba Yaya, haba Rewaya, ku bari mana, zafi ne ke damun kowa."

Washegari jarka ɗaya ta ƙare, ta biyun ta yi ƙasa. Tulu ya ce a riƙa sha da murfin jarka, kowa murfi-murfi. Ni da shi muka shanye namu. Yaya ya karɓi nasa ya je ya zuba a lagireto. Haka ya yi ta yi duk lokacin da aka raba, ban ga ya kai murfin nan baki ba ko sau ɗaya. Da tiyon ya sake tsiyaya ya nufi jarkar, sai na riga shi na zauna a kanta.

"Tashi," ya ce.

"Ba zan tashi ba. Wannan na mutane ne."

Ya kama wuyan rigata ya ɗaga ni ya maka ni da ƙarfen bayan mota. Na rarumi ƙafarsa muka zube tare. A rayuwata ban taɓa rama dukansa ba sai ranar. Na kai masa naushi a baki, na ji haƙorinsa ya yanki hannuna. Ya juya ni ya danne, ya riƙa buga kaina da ƙasa har na daina ganin komai sai ja. Tulu ne ya rungume shi ta baya ya ɗaga shi sama ɗungurungum, yana haki yana cewa, "Yaya, ɗan'uwanka ne, kashe shi za ka yi?"

Yaya ya tofar da jini. Ya ce, "Ku ba ku da hankali. In Gwoggo ta mutu, kun mutu. In ta sha, ita za ta kai ku inda ruwa yake. Ƙafarku za ta fitar da ku daga nan?"

Abin da ke ƙona mini rai har yau, maganar ba ta rasa gaskiya gaba ɗaya ba. Amma a tiyon da ke zuba yake ɗura ruwan, ƙasa ce ke shanyewa. Tulu ya ce to a cire taya ɗaya a ƙona, ko wani zai hango hayaƙi. Yaya ya ce duk wanda ya taɓa takalmin Gwoggo sai ya karya masa hannu.

Daga ƙarshe dai ya yi abin da ya kamata ya yi tun a gareji. Ya sa Tulu ya yanko guntun bututun ƙarfe, ya zura a cikin tiyon, ya ɗaure gefe da gefe. Wannan ya riƙe. Sai dai ruwan da ya rage a jarka bai fi a wanke fuska ba. Ya ce mu je gaba mu kawar da duwatsu daga inda mota za ta bi. Da muka dawo bonet a rufe, jarka a kife, ya ce lagireto ya cika. Na yi mamakin yadda ɗan ruwan nan ya cika shi, amma kaina na sarawa, ban bi ba'asi ba.

Motar ta tashi lafiya lau. Ta yi gudu kamar ba ita ba, har Yaya yana buga sitiyari yana yi mata kirari. Muka hango busasshen rafi, ko shi ne ko wani ne, Allah masani. Yaya ya afka ciki da gudu don kada yashi ya riƙe mu. Wani dutse da ke binne ya daki ƙasan inji, baƙin mai ya tsiyaye a yashi, shi kuma ya ci gaba da taka totur tayoyi na tono. Muka ji ƙara kamar an saki guduma a cikin tukunya, sai shiru. Inji ya buga. Duk wanda ya yi aikin gareji ya san wannan ƙarar ba ta da gyara a daji.

Tulu ya leƙa ƙarƙashi ya ɗago yana dariyar da ba ta da daɗin ji. Ya ce, "Yaya, albishirinka. Tiyo dai ya kai."

Ba wanda ya taya shi.

Wanda bai taɓa jin ƙishin daji ba, kada ya ce ya san ƙishi. Yawu ya ƙafe, harshe ya kumbura ya cika baki kamar guntun katako. Leɓe ya tsage, in ka yi magana jini ya fito, ka lashe jinin. Abincin da Auta ta ba mu yana nan a kwano, ba mai iya haɗiye shi. Muka zubar, muka shige ƙarƙashin motar muna bin inuwa. Ƙudaje suka same mu, ban san daga ina ba. Tulu da ya fi mu jiki shi ya fi jigata, dariyar ta ƙare, sai nishi.

Washegari da rana ta ɗaga, Yaya ya karɓi wayata ya ce zai hau wani tudun dutse da muke hangowa ko za a dace da sabis. Ya yi taku kaɗan ya juyo ya ce, "Kada wanda ya taɓa mini mota."

Maganar da yake yi kullum ke nan. In zai shiga banɗaki sai ya faɗe ta. Kunnenmu ya saba da ita har ba ma jin ta.

Ina kwance ido a rufe na ji motsin ƙarfe. Tulu ne da filaya, ya kwanta rigingine a ƙarƙashin lagireto yana murɗa ɗan makunnin da ake tsiyaye ruwa da shi. Ya tara kwanon Auta. Ruwan ya fito da ɗumi, ja-ja saboda tsatsar shekaru. Ya ce, "Inji ya sha nasa, ya mutu. Saura mu magada." Ya kafa kai ya shanye. Ya sake tarawa ya shanye. Ya sake. Ina jin ƙarar maƙogwaronsa.

"Rewaya," ya ce, "wallahi har da zaƙi-zaƙi."

Ya cika kwanon ya turo mini. Kalmar zaƙin nan ta shiga kunnena ta fita, ba ta tarar da kowa a ciki ba. Na jawo jiki na fito da kaina daga ƙarƙashin motar, na riƙe kwanon da hannu biyu. Bakinsa ya taɓa leɓena.

Ban ji tahowar Yaya ba. Takalminsa na aiki mai ƙarfe a baki, shi na gani. Ya haɗa kwanon da fuskata ya shura da iya ƙarfinsa. Na ji muƙamuƙina ya goce, haƙora suka zubo mini a harshe. Ya kama ƙafata ya ja ni a kan tsakuwa nesa da motar, ya buɗe mini baki da yatsunsa yana leƙawa, yana girgiza ni.

"Ka haɗiya? Ka haɗiya, don ubanka?"

Ubanmu ɗaya, amma haka ya ce. Na girgiza kai. Ya sake ni ya koma kan Tulu. Ya fizgo ƙaton mutumin nan daga ƙarƙashin mota kamar buhu, ya durƙusar da shi, ya zura masa yatsu a maƙogwaro. Tulu ya cije shi. Yaya ya riƙa naushinsa a ciki, yana naushi yana cewa, "Amayo shi. Amayo shi, Tulu, don Allah." Ban taɓa jin don Allah a bakinsa ba sai ranar. Ɗan kaɗan ya fito. Busasshen jiki ya riga ya karɓe sauran.

Tulu na tari ya ce, "Me na yi maka, Yaya? Ruwa ne fa."

Yaya ya je ya buɗe ƙofar direba, ya zura hannu bayan kujera, ya jefo wani galan a gabanmu. Babu komai a ciki sai ɗan kore a gindi. Daga baya na ji wani mai mota ne ya bar shi a gareji, Yaya ya ɓoye shi a Gwoggo ba wanda ya sani. Shi ya juye duka a lagireto lokacin da ya aike mu kawar da duwatsu.

Tulu bai gane ba, don shi bai ga karen maigadi ba. Ni na gane. Da bakin da ya karye na ce, "Me ya sa ba ka faɗa ba?"

Ya kau da kai. Amma na san amsar. Mutumin da ya shekara da shekaru yana yi wa mutane ba'a, ba zai iya buɗe baki a gaban ƙanensa da mijin ƙanwarsa ya ce Gwoggo ta sha lemon 'yan gayu ba. Abin da ya rufe masa baki ke nan, ba wani abu ba. Girman kai rawanin tsiya.

Ya shiga ƙarƙashin motar ya cire makunnin gaba ɗaya. Ruwan ya fara zuba a yashi. Ga galan a gabana, na ga karen da idona, na san komai. Duk da haka na rarrafa na nufi ruwan nan. Ƙishi ba ya jin wa'azi. Yaya ya tare ni, ya kife ni, ya sa gwiwa a wuyana ya danne. Ina kallon ruwan yana nutsewa, ina yaƙushinsa, ina zaginsa da duk zagin da na tara tun ina yaro. Bai ɗaga ni ba sai da ɗigon ƙarshe ya faɗi, ya sa ƙafa ya tura busasshen yashi a kan wurin.

Da farko Tulu ya ce shi garau yake ji. Har ya tashi zaune yana ba mu labari, yana dariya, harshensa na karyewa. Ya miƙe zai yi fitsari ya faɗi, ya sake miƙewa yana tangaɗi. Na rufe ido, don na taɓa ganin wannan tangaɗin. Daga nan sai amai, sai numfashi da sauri-sauri kamar wanda aka biyo. Yaya ya ɗora kansa a cinya yana kore masa ƙuda. Washegari jikinsa ya fara fizga, ƙafafunsa na dukan ƙasa, idanu sun juye. Yaya ya kwanta a kansa don kada ya fasa kai da dutse, ƙaton nan yana ɗaga shi yana sauke shi. Can ya lafa, ya buɗe ido ya kira sunan Auta, ya ce a gaya mata ta sauke tukunya ya kusa. Bai sake magana ba.

Ban san inda na samu ƙarfi ba. Na ga sifanar kwance taya a hannuna, na ga Yaya durƙushe yana rufe wa Tulu ido. Na sauke masa ita a kafaɗa. Na ji ƙashin ya ɓalle. Na sake ɗagawa na sauke a bayansa. Ina jira ya taso ya kashe ni, wallahi so nake ya taso. Bai ko kare da hannu ba. Ya tsaya a durƙushe yana kallon ƙasa har sifanar ta fi ƙarfina ta faɗi.

Sai ya miƙe, hannu ɗaya na lilo. Ya ja tamfol ya rufe Tulu, ya danne gefuna da duwatsu. Ya ja ni ya kai inuwar motar. Sannan ya ɗauki sifanar da na dake shi da ita, ya durƙusa a gaban tayar Gwoggo ya fara kwance noti da hannu ɗaya, yana taka sifanar da ƙafa. Ya tone yashi ya zare tayar, ya gangara da ita fili, ya tsiyayo fetur ya cinna mata wuta. Baƙin hayaƙi ya miƙe sama. Da ta ci rabi ya koma ya kwanto ta biyu.

Haka ya yi ta yi a cikin ranar nan, ni ina kwance ina kallo. In ya faɗi ya daɗe, sai ya tashi. Tayoyi suka ƙare, ya ciro kujeru ya jefa. Ya jefa tiyon gas na Tulu, ya jefa tabarmar roba, ya jefa ragowar tib ɗin da yake yanka yana ɗaure duniya da shi. Da kayan ƙonawa suka ƙare ya rarrafo ya jingina da motar kusa da ni. Fuskarsa ta yi baƙi, leɓensa ya rabe biyu, ba ya ko zufa.

Na ce, "Yaya, hayaƙin zai kai?"

Ya ɗaga kai ya daɗe yana kallonsa. Ya ce, "Ban sani ba."

Masu gadin daji ne suka hango shi daga nesa, suka zaci masu ƙona gawayi ne, suka taho kama su. Ban san zuwansu ba. Na farka ana ɗiga mini ruwa da tsumma a bayan motarsu. Sun ce sun tarar da Yaya a zaune yadda na bar shi, ya riga ya cika. Ni da Tulu mun sha murfi-murfi, shi tun fashewar tiyon farko bai sa komai a bakinsa ba. Katafilar kuwa, sun ce ba ma a wannan ɓangaren dajin take ba.

Na yi makonni a asibiti, muƙamuƙi ɗaure da waya. An binne su ban sani ba. Mutanen gareji da suka zo dubiya kowa da abin da yake faɗa, wasu na cewa Zai-Kai ya kashe mutum da taurin kai, wasu na cewa ya ceci ƙanensa. Ban tanka wa kowa ba, bakina a ɗaure yake, kuma duka biyun haka ne. Har gobe in na tuna duron nan da ya ture da ƙafa, zuciyata tafasa take. In na kai harshe inda haƙorana suke a da, sai kuma in rasa abin da zan yi da fushin.

Ranar da aka sallame ni, gidan Yaya na fara zuwa. Auta ta koma can da zama. Na tarar da su biyu a falo, ita da matar Yaya, an jingine kujeru da bango an shimfiɗa tabarma. Takalmansa na gida suna nan a bakin ƙofa. Na zauna, muka gaisa. Na shirya wa kowace irin tambaya a hanya. Na shirya Auta ta ce ina amanar da ta ba mu.

Ba ta ce haka ba. Tana murza bakin mayafinta ta ce, "Yaya Rewaya, abu ɗaya nake so ka gaya mini, shi ke hana ni barci. An ce ƙishi ne. Ya samu ya sha ruwa kafin ya cika?"

Na kalli tabarma. Na ce, "Ya sha."

"Da yawa?"

"Da yawa, Auta. Har ya ƙoshi."

Ta sauke ajiyar zuciya ta ce alhamdulillahi, ta rufe fuska tana kuka a hankali.

Matar Yaya ba ta yi kuka ba. Ta zauna da mutumin nan tun kafin in yi gemu, ta san shi fiye da kowa. Ta dube ni ta ce, "Yayanka fa?"

Na ce, "Shi bai sha ba."